Jami'a Ta Haifi Ɗa, Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

Ƴan'uwana malamai da iyayen yara, akwai wata magana da ba mu cika tayar da ita ba a taron iyaye, saboda muna ganin ta fi ƙarfinmu, ta manyan Yamai ce. Maganar ita ce: wane ne ya cancanci ya koyar a jami'a, kuma da wane mudu ake auna shi? Wani zai ce mu da ke fama da ƙarancin alli da azuzuwan zana a Korahane, ina ruwanmu da wannan? To da ruwanmu, domin yaran da ake aunawa da mudun nan namu ne. Mu muka koya musu baƙaƙe, iyayensu kuma suka sayar da damman hatsi da awaki har suka kai su inda suka kai.

A da, hanyar karatun kimiyya miƙaƙƙiya ce. Yaro ya ci bak, ya tafi Yamai, ya zaɓi lissafi ko fizik ko kimiyyar sinadarai ko ilimin halittu, ya bi wannan layi har ƙarshe. Yanzu abin ya sauya. A 2007 ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD, wato lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tare da wannan faɗaɗawa sai ga sababbin fannoni masu haɗa ilimi biyu ko uku a tukunya guda: muhalli, sauyin yanayi, sarrafa ruwa, abinci mai gina jiki, makamashin rana. Jami'o'i da kansu suka buɗe su, suka yi shela, suka karɓi kuɗin rajista, suka ba da takardun shaida da tambarin hukuma. Matsalar tana tasowa ne ranar da mai wannan takarda ya dawo neman aikin koyarwa.

Ina da tsohon ɗalibi da ya faɗa cikin wannan rami. Tun yana aji huɗu na firamare yake tara ƙwari a gwangwanin tumatir yana kawo mini in faɗa masa sunayensu. Ya ci bak D, ya yi lisans a ilimin halittu, ya yi masta a fannin muhalli da ruwa, sannan ya yi doktora a kan yadda sauyin lokacin saukar damina ke shafar tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Aikin nasa ya sa ya koyi lissafin ƙididdiga, ya koyi karanta hotunan tauraron ɗan'adam, ya kwana gonaki yana ƙirga tsutsa. Da wata jami'a mai nisa da nan ta yi sanarwar ɗaukar malamai, ya haɗa dosiyensa ya kai sashen ilimin halittu. Sanarwar ta ce lallai lisans da masta da doktora su kasance duka a fanni guda, don haka tun a teburin karɓar takardu aka mayar masa, aka ce mastarsa ba ta gidan ba ce. Ya gwada sashen labarin ƙasa, can kuma aka ce lisans ɗinsa ba nasu ba ne. Babu wanda ya buɗe kundin bincikensa, babu wanda ya ce masa tsaya gaban allo mu ji. Da ya kira ni a waya sai ya ce, "Mushe, na zama jemage, tsuntsaye sun ce ina da haƙora, dabbobi sun ce ina da fiffike."

Mahaifinsa manomi ne, bai san bambancin masta da doktora ba, amma ya san adadin dabbobin da suka bar garkensa saboda wannan karatu. Ranar kasuwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya, shin yaron nan ya gama karatun ne ko da saura?" Na ce masa ya gama, babu wani aji sama da wanda ya kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ke nan ya rage?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da duba irin matsalolin da ke gabanmu a jihar Maraɗi, mu ga ko suna zuwa ne sashe-sashe kamar yadda aka raba ofisoshin jami'a. Kowane mai noman wake a nan ya san buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ya fara yaɗuwa daga 2007 ta haɗin gwiwar jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maraɗi. Yadda yake aiki shi ne, in an ɗaure shi da kyau, ƙwaron da ke ciki yana shaƙe ɗan iskar da ta rage har ta ƙare masa, ya daina ci, ya daina hayayyafa, ya mutu, ba tare da an zuba maganin da ke cutar da mutane ba. Kafin wannan buhu ya iso kasuwar Dakoro sai da aka buƙaci wanda ya san rayuwar ƙwaro, da wanda ya san yadda iska ke ratsa leda, da wanda ya san farashin da manomi zai iya biya. Wanda ya yi doktora a kan buhun nan, ɗan wane sashe ne?

Ko mu tuna abin da ya faru a Tibiri, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha tun tsakiyar shekarun 1980 ya kasance da sinadarin fuluwo fiye da kima, ya ɓata haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu kafin a gano tushen abin. Masanin duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya san inda sinadarin ke fitowa, masanin sinadarai ya san yadda ake auna shi, likita ya san abin da yake yi wa ƙashi. Abin da aka fi buƙata a irin wannan hali shi ne mutumin da zai ga ƙafar yaro a asibiti hankalinsa ya tafi kan rijiya. Haka sassabin zamani, wanda ya samo asali a nan Maraɗi a farkon shekarun 1980, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya maido da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Masu ilimin daji da masu labarin ƙasa da masu nazarin dokar mallakar itace duk sai da suka sa hannu kafin a fahimci girmansa. Mu nan Dakoro, rikicin manomi da makiyayi a kwarin Tarka ya haɗa yawan ruwan sama, da ƙarfin ƙasa, da lafiyar dabba, da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Ba wani sashe guda da zai ce nasa ne shi kaɗai.

Hukumomi ma sun daɗe da gane haka. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, kuma sunanta kansa haɗin fannoni uku ne: noma, ruwa, da yanayin sama. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa, yana horar da matasan Afirka ta Yamma a jami'ar Abdu Mumuni kan sauyin yanayi da makamashi. Ke nan da gangan ake ƙera irin waɗannan masana, saboda ana buƙatar su. Ba daidai ba ne hannun dama ya ƙera su, hannun hagu ya rufe musu ƙofa.

Sunan babbar jami'armu ma ya isa darasi. Abdu Mumuni Jofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin fizik ne, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai. Amma littafin da ya fi yaɗa sunansa a Afirka shi ne wanda ya wallafa a 1964 a kan ilimi a Afirka, inda ya yi nazarin tarbiyyar gargajiya da makarantar Turawan mulkin mallaka, ya kuma kare koyarwa cikin harsunanmu. Har yau masu nazarin ilimi na karanta shi, alhali ba shi da lisans a wannan fanni. A Senegal, Shaikh Anta Diyob ya karanci fizik da tarihi, ya kafa ɗakin gwajin gano shekarun kayan tarihi a cibiyar IFAN ta Dakar. Ya samu doktora a 1960, amma sai a 1981 aka ba shi kujerar koyar da tarihi a jami'ar. Siyasa na da babban hannu a wannan jinkiri, sai dai ɗaliban da suka wuce cikin waɗannan shekaru 21 ba su zauna ajinsa ba, kuma shekara guda bayan rasuwarsa a 1986 aka sa wa jami'ar sunansa. Luwi Pasta na Faransa, wanda ya samar da rigakafin cizon mahaukacin kare a 1885, masanin sinadarai ne, bai taɓa zama likita ba.

To amma adalci ya sa a saurari masu tsaurara ƙa'idar, domin suna da hujjoji masu nauyi. Ta farko, ɗalibin shekarar farko a jami'a yana buƙatar malamin da ya ƙoshi da tushen fanni. Wanda ya ɗanɗani sinadarai kaɗan, ya ɗanɗani ilimin ƙasa kaɗan, ba lallai ne ya iya riƙe ajin ɗalibai ɗari biyu a darasin sinadarai na shekara guda ba. Mu malaman firamare mun fi kowa sanin wannan, don mu ake ba aji guda a ce mu koyar da lissafi da Faransanci da tarihi da kimiyya har da waƙa, kuma kowanenmu ya san darasin da yake shiga da ƙarfin gwiwa da wanda yake gaggawar fita daga cikinsa. Ta biyu, ƙa'ida mai tsauri garkuwar talaka ce. Ranar da aka ce kowace takarda na iya shiga kowane sashe in kwamiti ya ga dama, ranar ɗan mai hanya ya samu ƙofa, ɗan manomin Korahane kuwa ya koma baya. Kar mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Hujja ta uku ta shafi gaba. Ƙarin girman malamin jami'a a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci an daɗe ana bin sa ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Kwamitocinta na tantancewa a rabe suke fanni-fanni: lissafi da fizik da sinadarai nasu daban, ilimin halittu da noma nasu daban, likitanci nasu daban, adabi da ilimin zamantakewa nasu daban. Shugaban sashen da zai ɗauki sabon malami dole ya yi tunanin wane kwamiti ne zai duba aikinsa nan da ƴan shekaru. In ya ga aikin ya raba ƙafa, sai ya zaɓi wanda ba zai ba shi ciwon kai ba.

Duk na yarda da waɗannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sunan da aka rubuta a saman takarda shi ne ke amsa su. Sunan digiri ba ya gaya maka ko mutum ya ƙoshi da tushe. Mutum biyu na iya riƙe masta mai suna iri ɗaya daga jami'o'i biyu, abin da suka karanta kuwa ya sha bamban. Wani kuma takardarsa ta ce "muhalli", amma in ka buɗe takardar makinsa za ka tarar ya yi darussan ilimin halittu fiye da wanda takardarsa ke ɗauke da sunan. Ƙa'idar suna tana da sauƙi ga mai karɓar takardu ne kawai, don ba sai ya karanta komai ba.

Magabatanmu sun fi mu dabara a nan. A tsarin karatun zaure, wanda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya bi har ya kai shi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malami na ba almajiri ijaza ne littafi-littafi. Ijazar na faɗin littafin da ya karanta, da wanda ya karantar da shi, da wanda shi ma ya karantar da malamin. In kana son sanin ko mutum zai iya koyar da nahawu, ba ka tambayar laƙabinsa, kana tambayar me ya sauke, a gaban wa. Shi ya sa mutum guda kamar Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan tarihi da mulki da magani ba wanda ya ce ya shiga gonar da ba tasa ba. Abin mamaki, tsarin LMD yana ɗauke da irin wannan ma'auni a cikinsa. Kowane darasi yana da nauyinsa da ake kira kiredi: zango guda kiredi 30, lisans 180, masta 120. An ƙirƙiro kiredi ne don a iya auna abin da mutum ya karanta ko da ya sauya jami'a ko ya sauya layi. Mun karɓi mudun, muka rataye shi a bango, muka ci gaba da awo da ido.

Ga abin da nake ganin adalci ne, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar sabon gini ko kuɗi masu yawa.

Na farko, sanarwar ɗaukar malami ta faɗi darussan da za a koyar da irin binciken da ake so, sannan ta faɗi mafi ƙarancin kiredin da mai nema zai nuna ya yi a wannan fanni, ko da wane suna takardarsa ke ɗauke da shi. A rubuta adadin tun kafin a buɗe karɓar dosiye, ya hau kan kowa. Da haka an kare tushe, an kuma toshe ƙofar son kai, domin lamba ba ta san ɗan wane ba.

Na biyu, doktora ta yi nauyin da ya dace da ita. Wanda ya share shekara uku ko fiye yana bincike a kan tsutsar gero, manyan malaman ilimin halittu suka zauna suka amince da aikinsa, bai kamata a kore shi saboda sunan mastar da ya yi kafin nan ba. A Indiya, inda wannan gardama ta daɗe, hukumar kula da jami'o'i ta UGC ta fitar da daftarin ƙa'ida a watan Janairun 2025 mai ba mutum damar neman koyarwa a fannin da ya yi doktora ko da digirinsa na baya a wani fanni ne. A Faransa ma, inda muka gaji tsarin rabe-raben nan, cibiyar bincike ta CNRS tana da kwamitoci na musamman don masu aikin da ya haɗa fannoni.

Na uku, a sa mai nema ya tsaya gaban allo. Mu da muka fito daga makarantar horar da malamai, babu wanda aka tabbatar a aiki sai da sufeto ya zauna a bayan ajinsa ya ga yadda yake koyarwa. In an yi wa mai koyar da ƴan shekara bakwai haka, me zai hana a yi wa mai koyar da likitoci da injiniyoyin gobe? A ba shi darasi daga tushen fannin, ya gabatar a gaban kwamiti da ɗalibai. Gani ya kori ji. Wanda ɗanɗano kawai ya yi, cikin rabin sa'a za a gane shi.

Na huɗu, in aikin mai nema ya haɗa fanni biyu, kwamitin tantancewa ya ƙunshi malami daga kowane ɗaya, kuma kada magatakarda ya zama shi ne alƙali. Duk wanda aka ƙi, a ba shi dalili a rubuce, a ba shi wa'adin ɗaukaka ƙara. Wanda aka ce masa kiredinsa na sinadarai bai kai ba ya san abin da zai je ya cike. Wanda aka ce masa "ba namu ba ne" bai san ta inda zai fara ba.

Na biyar, kuma shi ne ya fi shafar iyaye: duk jami'ar da za ta buɗe sabon fanni, ta rubuta a takardar shelarta irin ayyukan da yake kaiwa gare su, da sassan da mai shi zai iya koyarwa a ciki, da gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati da zai iya shiga. In ba ta iya rubuta wannan ba, to ba ta shirya karɓar kuɗin ɗan kowa ba.

Kafin manya su gyara nasu, mu ma akwai namu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman lise da ke ba ƴan ajin ƙarshe shawara, kada ku tsaya ga cewa fanni kaza yana da kyau ko shi ake yayi. Ku sa yaro ya nemo sanarwar ɗaukar aiki ta shekarun baya ya ga ko sunan fannin na fitowa a ciki. Ku gaya masa ya adana takardar makinsa ta kowane zango da jerin darussan da ya yi kamar yadda ake adana takardar gona, domin wata rana su za su yi masa shaida. In burinsa koyarwa a jami'a ne, ya riƙe fanni guda ya yi masa tushe mai ƙarfi a lisans, sannan ya yi rassa a masta da doktora. Iyaye kuma, rashin zuwa lakwal ba ya hana ku tambaya. In ɗanku ya ce zai shiga sabon fanni, ku ce ya nuna muku mutum ɗaya da ya gama shi da aikin da yake yi yanzu. Ƙungiyoyinmu na malamai da na iyayen ɗalibai, waɗanda ke da bakin magana da ma'aikatar ilimi mai zurfi, su sa wannan batu cikin jerin buƙatunsu, kusa da na albashi da na kuɗin tallafin ɗalibai.

Kada kuma wani ya fahimci maganata da cewa a hana yara shiga waɗannan fannoni. Ƙasar da rayuwarta ta rataya a kan damina ta wata uku zuwa huɗu, da rijiyoyi masu zurfi, da rana mai zafin da za a iya mayarwa wuta, ta fi kowa buƙatar masu iya haɗa ilimi da ilimi. In muka rufe musu ƙofar jami'a, ƙungiyoyin waje za su ɗauke su kwantaragin shekara biyu, ko su ƙetare zuwa ƙasashen da za su buɗe kundinsu su karanta, ɗalibanmu kuma su ci gaba da koyon ruwa a wani aji, ƙasa a wani aji, cuta a wani aji, ba mai nuna musu inda suka haɗu. Jami'a ce ta haife su, ita ya kamata ta fara sanin su.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya sa wahalar iyaye kada ta tafi a banza.